Faɗuwar tsofaffi: asibiti ya daina jira sai ƙashi ya karye

Ranar sadakar ukun Gwaggona muna zaune kan tabarmi a ƙofar gida, wani dattijo maƙwabcinmu ya gama addu'a aka shafa, sai ya juyo ya ce, "Sai haƙuri fa, ai dama faɗuwar banɗaki ba a tashi." Kowa ya gyaɗa kai. Wani ya ƙara da cewa ai wajen ba mu kaɗai ke shigarsa ba, shi ya sa aka ce a riƙa addu'a kafin a sa ƙafa. Ni ma na gyaɗa kan, don zaman makoki ba wajen musu ba ne, amma wallahi maganar ta tsaya min a wuya har yau.

Dalili kuwa, na san abin da su ba su sani ba. Wannan faɗuwar ba ita ce ta farko ba. Wata takwas kafin nan Gwaggo ta miƙe daga kan kujerar tsuguno a tsakar gida, jiri ya ɗebe ta, ta kai hannu ta dafa ƙasa, wuyan hannun ya karye. Muka kai ta asibiti, aka ɗauki hoto, aka naɗe hannun da filastar nan mai tauri kamar siminti, aka ce a dawo bayan sati shida. Hannu ya warke lafiya lau. Amma tun daga mai yankan kati har likita babu wanda ya buɗe baki ya ce, Hajiya me ya kayar da ke?

Kuma matar nan ba baƙuwar asibiti ba ce. Duk wata tana zuwa layin masu hawan jini da katinta a cikin leda, a gwada ta a zaune, a rubuta mata magani, ta dawo gida. Shekara da shekaru a haka. Sai ga karaya ta biyu ta zo da asuba, ba wuta, ta shiga alwala, silifas ya zame a kan tayil, ƙashin ƙugu ya tafi. Ba ta sake takawa ba.

Ajali ne, na yarda, ba wanda zai ƙara wa wani minti ɗaya. Amma ga matsayata tun kafin mu yi nisa: faɗuwar tsoho ciwo ce kamar hawan jini, tana da dalilai, ana iya hango ta tun daga nesa, kuma aikin asibiti ne ya neme ta tun ƙashi bai karye ba. Duk tsohon da ya shiga asibiti, ko ƙaramin sha-ka-tafi ne, ko mura ce ta kai shi, bai kamata ya fito ba a tambaye shi zancen faɗuwa ba.

Na faɗi wannan a wurare da dama kuma na sha martani iri-iri. Bari mu bi su.

"Ai tsufa ne"

Wannan ita ce ta farko kuma ita ta fi kwantar wa mutane da hankali, don in tsufa ne to babu mai laifi. Tsufa na ciki, ba musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutanen da suka kai shekara 65 zuwa sama, wajen kashi 28 zuwa 35 cikin 100 suna faɗuwa duk shekara, wato kusan ɗaya cikin uku. Ta kuma ce faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara a duniya, in ka cire hatsarin mota babu tsautsayin da ya kai ta kisa, fiye da kashi 80 cikin 100 na mutuwar nan a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi take faruwa, kuma waɗanda suka haura 60 su ne suka fi mutuwa.

To amma in ɗaya cikin uku ya faɗi, biyun fa? Su ma ai tsofaffi ne. Kenan akwai abin da ya bambanta su, kuma in ka bi abin za ka tarar ba wani gaibu ba ne. Ƙafa ce ta yi rauni saboda yawan zama. Ido ne ya yi yana ba ya ganin dokin ƙofa. Ciwon suga ne ya kashe tafin ƙafa, mutum yana tafiya kamar a kan auduga. Jini ne yake sauka in an miƙe da sauri. Fitsarin dare ne yake tashin dattijo sau huɗu cikin duhu. Magani ne ya yi yawa. Kowanne daga cikin waɗannan akwai abin da za a iya yi a kansa, wasu ma ba sa cin ko kwabo.

Zancen aljanun banɗaki kuwa ba zan shiga ba, ni ma ina yin addu'ata kafin na shiga. Abin da na sani shi ne banɗaki nan ne wuri ɗaya a gida da ruwa da sabulu da santsi da duhu da tsuguno da miƙewa suka haɗu, kuma nan ne wurin da tsoho yake shiga shi kaɗai ya turo ƙofa. Wanda aka ce ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah, ba a ce masa ya zaɓi ɗaya ba.

Dalilin da ya sa kuma ake ganin "ba a tashi" shi ne karayar ƙugu mugun abu ce ga tsoho. Ko a ƙasashen da ake yin tiyata washegari, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar ba ya cika shekara. Ba karayar ce take kisa kai tsaye ba, kwanciyar ce. Baya ya saluɓe ya zama gyambo, ƙirji ya cika da majina ya koma nimoniya, jini ya daskare a jijiyar ƙafa, fitsari ya kawo cuta, cin abinci ya ragu. Na ga wannan da idona, kwana arba'in da wani abu, matar da take tuƙa tuwon gidan biki ta koma sai an juya ta.

Abin da nake nema bai kai minti biyar ba

In na ce asibiti ya ɗauki nauyi sai mutane su zaci ina nufin a gina wani katafaren sashe a sayo injina daga Jamus. A'a.

Tambaya uku ce. Baba, ka faɗi a cikin shekarar nan? Kana jin kamar za ka faɗi in kana tsaye ko kana tafiya? Kana tsoron faɗuwa? Waɗannan su ne tambayoyin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa likitocinta su riƙa yi wa tsofaffi, kuma ƙa'idojin duniya kan faɗuwar tsofaffi da masana suka fitar a 2022 su ma sun ce a riƙa tambaya ko da ba ita ta kawo mutum ba. Dole sai an tambaya, don tsofaffinmu ba sa faɗa. Kunya suke ji, ko tsoron kar 'ya'ya su hana su fita masallaci da kasuwa. Gwaggo sai bayan ta kwanta ne jikarta da ke kwana ɗakinta take gaya mana ai ta taɓa zamewa sau biyu ta ce kar a faɗa wa kowa.

In ya ce eh, sai a gwada jininsa a kwance ko a zaune, sannan a ce ya miƙe a sake gwadawa cikin minti uku. In lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa ta sauka da 10, to ga jirin nan an kama shi. Na'urar awon tana kan tebur, dama da ita aka gwada shi, miƙewar ce kawai ba a sa shi ya yi.

Sai a ce ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna, ana duba agogon waya. In ya ɗauki sakan 12 ko fiye, yana cikin haɗari. Kujera da alli da waya, shi kenan kayan aikin.

Sai ledar magani. Nan ne nake so na daɗe, don ina ganin nan ɓarnar ta fi yawa. Ka je ɗakin kowace tsohuwa ka ce ta miƙo maka ledarta ka zazzage a kan gado. Za ka ga na hawan jini kala biyu ko uku, wani daga asibiti, wani ɗanta ya aiko daga Abuja, wani maƙwabciya ta ce ya yi mata amfani. Za ka ga ƙwayar fitsari irin su Lasix da ake sha da yamma ta hana barci. Za ka ga baliyam da mai kemis ya bayar don barcin ya zo, da Piriton na mura wanda shi ma yake sa magagi. Mai suga za ka ga Daonil, ga shi tana azumin Litinin da Alhamis, sugan ya faɗi ƙasa jiki ya hau rawa. Sannan ga haɗin nan na ciwon gwiwa da ake ƙullawa a 'yar leda ba suna ba kwali, wanda sau da yawa akwai dekzametason ko firednisolon a ciki, masu sa mutum ya ji garau yau amma in an daɗe ana sha suna cinye ƙashi a hankali.

Ba cewa nake a daina shan maganin hawan jini ba, don Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya ƙwace wa mahaifiyarsa magani, shanyewar ɓarin jiki ba ta fi faɗuwa sauƙi ba. Cewa nake wanda ya sani ya zauna ya duba ledar gaba ɗaya, ya cire wanda ba a buƙata, ya rage wanda ya yi yawa, ya sauya lokacin shan wani. A rubuta a jikin kati cewa duk mai shekara 60 ya zo da duk magungunansa, har na gargajiyar.

Ido kuma a nuna masa allon gwaji. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da mutane, kuma aikinta ba ya ɗaukar awa guda. Ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin ido na ECWA a Kano, ga ayyukan ido kyauta da ƙungiyoyi ke shiryawa. An gwada an gani, cire yana daga ido yana rage faɗuwa. Amma mu har yanzu muna cewa "idon Baba ya yi tsufa" muna ba shi jika ya ja masa sanda.

"Asibitin da ba shi da Panadol?"

Wani abokina ma'aikacin lafiya ne ya yi min wannan, kuma ya fi kowa ba ni wahala. Ya ce kai kana zaune kana tsara minti biyar, ni ina ganin mutum sama da ɗari kafin azahar, ga yara masu maleriya suna suma a hannun iyayensu, ga mai naƙuda tana zubar da jini, ga tamowa, likitoci kullum suna tafiya Saudiyya da Ingila, kai kuma ka zo da zancen tsohuwa ta taka mita uku.

Gaskiya ya faɗa, kuma ba zan ce tsoho ya fi jariri ba. Amma amsata biyu ce.

Ta farko, ba likita ne zai yi ba. Tsofaffin nan awa nawa suke yi a kan benci suna jiran layi? Wanda yake gwada jini da nauyi a bakin ƙofa, ko jami'in lafiyar al'umma, ko ɗalibin makarantar koyon aikin lafiya da ya zo sanin makamar aiki, shi zai yi tambayar ya sa alama a kati. Likita sai wanda aka sa wa alama zai ƙara wa minti biyu. Kuma ba duk marasa lafiya ba ne, waɗanda suka haura 60 a ƙasar nan kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na jama'a.

Ta biyu, wai ba mu da kuɗin rigakafi, to kuɗin karayar wa yake biya? Mu ne dai. Tiyatar ƙugu yanzu zancen miliyan ake yi, a sayar da gona ko fili ko a buɗe gidauniya a guruf ɗin dangi. Gadon da tsohuwa za ta kwanta a kai sati da sati a asibitin ƙashi na Dala gado ne da wani ɗan acaɓa da ya karye yake jira. In kuma ba a yi tiyatar ba, kuɗin bai ɓace ba, komawa ya yi kan wata mace a gida, 'ya ko suruka, wadda za ta ajiye sana'arta ta koma wanki da kwasar kashi da juyi wata da watanni. Wannan ba ya shiga kasafin kowace gwamnati shi ya sa ake ganin kamar kyauta ne.

Kuma ba wai babu tsarin da za a rataya abin a kai ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a biya wa. Akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da aka yi dokarta tun 2017 ta fara aiki a 2021. A Ibadan asibitin koyarwa na UCH ya buɗe cibiyar tsofaffi zalla tun 2012. Takardu dai akwai su. Abin da nake so na gani shi ne layi ɗaya a cikin rajistar ƙaramin asibiti, kusa da inda ake rubuta awon jini, da aka rubuta "ya faɗi?" Don a ƙasar nan abin da ba a cika a fom ana aikawa sama duk wata, ba a yin sa.

Karayar farko gargaɗi ce

Wannan ita ce ta fi ci min rai game da Gwaggo. Mutum mai ƙashi lafiyayye in ya faɗi daga tsaye, ba daga kan bishiya ko babur ba, bai kamata ya karye ba. In ya karye to ƙashin ne ya zama kamar itacen da gara ta ci, waje lafiya ciki fanko. Mata sun fi shiga wannan bayan al'ada ta ɗauke, don sinadarin da ke riƙe musu ƙashi yana raguwa. Kuma abin ba ya ciwo, ba ya zazzaɓi. Alamarsa sai dai ka ga tsohuwa tana gajarta, baya yana ranƙwafawa, mu ce ai doron tsufa ne, alhali sau da yawa ƙasusuwan gadon baya ne suke lotsawa ɗaya bayan ɗaya.

A birnin Gilasgo na Sukotland, a 1999, wasu likitoci suka lura da irin abin da ya faru da Gwaggo: ana gyara hannu a sallami mutum, bayan shekara ko biyu ya dawo da ƙugu. Sai suka ajiye nas wadda aikinta kawai ta bi duk mai shekara 50 zuwa sama da ya zo da karaya, a duba ƙarfin ƙashinsa, a fara masa magani in ya kamata, a binciki me ya kayar da shi. Tsarin ya yi aiki har ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Maganin ma ba sabo ba ne, akwai alendironet da ake sha sau ɗaya a sati, akwai na ƙarin ruwa da ake yi sau ɗaya a shekara.

Za a ce ai injin auna ƙarfin ƙashi ba ko'ina yake ba. Haka ne. Amma tsohuwa 'yar shekara 70 da ta karye daga zamewa a tsakar gida, ƙashinta ya riga ya ba da amsa. Nas ɗaya da littafi ɗaya a ɗakin da ake sa filasta, wannan bai fi ƙarfin kowane babban asibiti ba.

Akwai masu cewa wannan ciwon Turawa ne, mu baƙar fata ƙashinmu ƙarfe ne. A ƙididdigar Amurka an ga baƙaƙe ba su kai farare karayar ƙugu ba, gaskiya ne. Amma wannan ba ya nufin ba ma karyewa, kuma uwar da ta haifi tara ta shayar da tara tana cin tuwo da miya ba nono ba kifi, ba ɗaya take da baƙar fatar Amurka ba. A Jos likitoci sun nuna tun a 1999 cewa yaran da ƙafafunsu ke gwamewa, ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban dalili, ba rashin rana ba. In abincin gidan bai ishi ƙashin yaro ba, na kakarsa fa da take cin ragowa? Kindirmo, zogale, kuka, riɗi, ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, duk suna kasuwa, amma ban taɓa jin an yi wa tsohuwa wannan bayanin a layin hawan jini ba, kullum dai a rage gishiri a rage magi.

"Haƙƙin 'ya'ya ne, ba na gwamnati ba"

Na yarda da rabin wannan. Mu ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi, kuma ina alfahari da hakan. Amma so daban, sani daban.

Banɗakin da Gwaggo ta faɗi a ciki, ɗanta ne ya gyara mata shi da ya samu kuɗi. Ya fasa tsohon simintin mai kaushi ya shimfiɗa tayil fari mai ƙyalli irin na otal, har dangi suna zuwa gani suna sa masa albarka. Don ya kyautata mata ya yi. Babu wanda ya taɓa gaya masa cewa akwai tayil mai kaushi na banɗaki, ko a kafa ƙarfen dafawa a bango kusa da masai, ko a ajiye kujerar roba ta zauna ta yi wanka da alwala, ko fitila mai caji a hanya, ko fo a ɗaki don dare. Yanzu shi ne ba ya iya shiga ɓangaren.

Wa ya kamata ya gaya masa? A ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske ma'aikaci ne yake zuwa gida ya zagaya ya nuna: wannan dardumar tana naɗewa, wannan dokin ƙofar ya yi tsawo, gansakukar bakin rijiyar nan a kankare ta kafin damina, silifas ɗin nan ya siɗe. Kar a ce min ba za mu iya shiga gida-gida ba. Mu da muka yi shekaru ana bin lungu-lungu ana ɗiga wa yara maganin shan inna ana rubutu da alli a ƙofa, har aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar a 2020? Matan nan sun san kowane gida, sun san wace tsohuwa ce a wane ɗaki, suna gaishe ta ma kafin su nemi jikokin. A koya musu abu biyar su riƙa dubawa.

Masu ɗori

Ba zan zage su ba, don an haife mu mun tarar da su, kuma sun fi asibiti kusa, sun fi shi sauƙin kuɗi, sun fi shi iya magana da mutane. Targaɗe da 'yar karayar da ba ta goce ba suna warkewa a hannunsu. Amma wuyan ƙashin cinya, inda karayar ƙugu take faruwa, yana can cikin tsoka inda kara da tsumma ba sa kaiwa, kuma in ya karye sau da yawa jijiyar da ke kai masa jini ta tsinke, ko shekara za a yi ana tofi ana shafawa ba zai haɗe ba. A Ingila ƙa'idarsu ita ce a yi tiyatar ranar da aka kawo mutum ko washegari, a tashe shi tsaye kwana ɗaya bayan nan, don dai a guje wa kwanciyar nan.

Mu sati uku muka yi a hannun mai ɗori kafin mu koma asibiti, kuma ni ina cikin waɗanda suka ce a bari a gani, don na ji tsoron kuɗin kuma na ji tsoron a ce tsohuwa ba za ta jure tiyata ba. Wannan nawa ne, ba na ɗora wa kowa. Abin da nake ganin zai yi aiki shi ne hukumomin lafiya su zauna da sarakunan ɗori kamar yadda aka zauna da unguwarzoma, a yi yarjejeniya a kan abu ɗaya tak: tsoho ya faɗi, ya kasa takawa, ƙafar ta gajarta ta juya waje, wannan ba naka ba ne, tura shi yau.

"Zauna ki huta"

Akwai wata cutarwa da muke yi da sunan ladabi. Da zarar Inna ta faɗi sau ɗaya, shi kenan an kafa mata doka. Kar ki share, kar ki ɗebi ruwa, kar ki je gidan suna, me kike so a kawo miki. Ita ma tsoro ya shige ta, ta lafe a kan katifa. Wata uku a haka cinyoyin sun narke, ranar da za ta miƙe dole ƙafar ba za ta ɗauke ta ba.

Duk cikin abubuwan da aka gwada na hana faɗuwa, motsa jiki na ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa shi ya fi ƙarfin hujja. A jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan an tsara wani shiri tun shekarun 1990, ma'aikaci ya je gida ya koya wa tsoho, shi kuma ya riƙa yi sau uku a sati yana haɗawa da 'yar tafiya, aka ga faɗuwa ta ragu da kusan kashi 35 cikin 100, kuma waɗanda suka haura 80 su suka fi amfana. In ka ga motsin dariya za ka yi. A tashi daga kujera a zauna ba tare da dafawa ba. A riƙe bango a yi ɗage a sauko. A tsaya da ƙafa ɗaya. A yi tafiya a jera diddige da yatsu.

Wani ya ce min tsofaffinmu ba za su yi wannan ba, za su ce an mai da su yara. Wataƙila, in jika ne ya faɗa. Amma in "likita ya ce", ko an tara su su goma a rumfar asibiti ranar layin hawan jini mai gashin ƙashi ya nuna musu suna yi suna tsokanar juna, za su yi. Mutanen da suke ruku'u da sujada sau biyar a rana ba baƙin motsa gaɓɓai ba ne. Sai dai a nan ma akwai gyara, wanda jiri ke ɗiba in ya ɗago daga sujada ya sani addini ya ba shi damar yin salla a zaune, kuma liman ya fi nas iya gaya masa wannan.

Satin da ya wuce na raka Baba asibiti. Da aka gama gwada shi na ce wa nas ɗin, "Sista don Allah ko za ki sake gwada shi a tsaye?" Ta ɗago ta kalle ni, ta kalli layin da ke bayanmu, na zaci za ta balbale ni da faɗa, sai kawai ta ce, "Baba miƙe mu gani." A zaune 148 ne, da ya miƙe ya koma 121, har sai da ya dafa tebur. Ta ce, "Baba dama kana jin jiri?" Ya ce, "To, kaɗan-kaɗan, in na tashi da asuba." Ni da nake gida ɗaya da shi ban taɓa ji ba. Likita ya rage masa ƙwaya ɗaya ya ce mu dawo bayan sati biyu.

A hanya na tsaya na saya masa sanda mai roba a gindi. Ya karɓa ya jujjuya ta ya ce Allah ya yi albarka. Tana nan jingine a bayan ƙofa, ya ce shi bai kai nan ba tukuna.